'Yata Ta Zama Babi Na Huɗu

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan 'yata ba ta yi mini magana ba in ban da gaisuwa, ita ma gaisuwar kanta a sunkuye take yin ta kamar mai gaida baƙuwa. Abin kunyar shi ne, ni ce wadda mata ke bugo wa waya suna tambayar yadda za su yi da 'ya'yansu. Yau ga ni ina tambayar yadda zan yi da tawa.

Ni ma'aikaciya ce a ɗakin kati na wani asibiti, shekara goma sha shida ina ciro fayil ina mayarwa. Ina da 'ya'ya uku, duk mata. Rubutuna a bakin tagar katin nan ya samo asali. Mata na tsaye a layi da goyo, kafin in lalubo katin wata ta riga ta ba ni labarin ɗanta da ba ya cin abinci, wata ta ce nata cizo yake yi, wata ta ce tata ba ta barci. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, ba na iya jin abu in yi shiru. Wata rana abokiyar aikina ta ce tunda na mayar da tagar kati ɗakin likita, gara in rubuta littafi in huta da maimaici. Ita tsokana take yi, ni kuwa na ɗauka da gaske.

Ba ni da ɗakin rubutu, ba ni da teburi. Ɗan ƙaramin littafi nake yawo da shi a jaka, in rubuta a cikin mota a hanyar aiki, in rubuta a bayan kantocin fayil lokacin hutun rabin awa, in rubuta a kicin tukunya na kan wuta. Tukwanen da na ƙona Allah kaɗai ya san adadinsu. Da na gama littafin farko, a kan ciyar da yara, na kai wa wani kamfanin buga littattafai. Wata takwas yana hannunsu, suka dawo mini da shi da shatin kofin shayi a shafin farko, alamar a nan karatun ya tsaya. Sai na yi zuciya na kai shi wata maɗaba'a a bayan kasuwa, inda ake buga kalanda da rasit, na buga abina da kaina. Tun daga ranar ni ce marubuciya, ni ce mai gyara, ni ce mai talla, ni ce mai dakon kwali. Na ji daɗin hakan ƙwarai, don babu mai ce mini cire wannan. Ban san wata rana zan yi kukan rashin mai ce mini cire wannan ɗin ba.

Littafi na biyu shi ne ya jawo mini. Babi na huɗu a cikinsa a kan fitsarin kwance ne, kuma ban je ko'ina neman misali ba, don ina da shi a gida. 'Yata ta tsakiya, wadda muke ce wa Tsuntsuwa saboda ƙarancin cinta, ta yi fama da shi har ta kai shekara tara. Shekara uku muka yi ni da ita muna wannan yaƙin. Kullum da safe kafin 'yan uwanta su tashi zan shiga in shafa katifa. In a jiƙe take mu cire zanen gado tare, mu jingina katifar a bayan ɗaki inda maƙwabta ba sa gani. In a bushe take, sai ta zana tauraro da hannunta a wani jadawali da muka manna a cikin murfin durowarta. Ban taɓa dukanta a kai ba, ban taɓa bari yayarta ta yi mata dariya ba. Nakan ce mata wannan sirrinmu ne mu biyu.

Duk wannan na kwashe na zuba a babin. Ban sa sunanta ba, na dai ce 'yata ta tsakiya. Na faɗi shekarunta, na faɗi ledar da muke shimfiɗawa, na faɗi ranar da ta ƙi zuwa kwana gidan ƙanwata don tsoron abin da zai faru. Har jadawalin taurarin na ɗauki hotonsa na sa, da rubutunta na yarinta a jiki, don iyaye su ga yadda ake yi. Da muka zo bango, mai maɗaba'a ya ce littafin tarbiyya ba ya tafiya sai da fuskar yaro, ya nuna mini hotunan yaran da ban san daga ina ya samo su ba. Na ce me zai kai ni sa 'ya'yan wasu alhali ina da nawa kyawawa. Na buɗe waya na zaɓi hoton Tsuntsuwa tana dariya da giɓinta. Ban haɗa bangon da babin a raina ba, wallahi ban haɗa ba. A wurina wannan aikin ranar Litinin ne, wancan na ranar Alhamis.

Babansu ya haɗa. Shi ba mai yawan magana ba ne, ya juya littafin gaba da baya, ya tambaye ni ko na tuna yarinyar nan za ta girma. Na ce masa littafin iyaye ne, wane yaro ne zai karanta, kuma kafin ta girma an manta. Ya ajiye littafin ya tashi. Har yau ma bai ce ai na faɗa miki ba, kuma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Littafin ya karɓu, musamman babin nan. Wata mata ta same ni a taga ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce shekara biyu tana dukan ɗanta kowace safiya, ranar da ta karanta babin ta ajiye bulala. Irin wannan saƙon na samu ya fi a ƙirga. Kaina ya yi girma, ba zan ɓoye miki ba. Bara da Tsuntsuwa ta shiga babbar makaranta, a taron iyaye na farko na tashi na ba da kyautar kwafi biyar ga ɗakin karatun makarantar. Aka tafa mini. Da hannuna na kai, babu wanda ya roƙe ni.

Yanzu shekararta goma sha huɗu. Tun farkon zangon nan ta fara ciwon ciki duk safiyar makaranta, ranar hutu kuma garau. Ni mai littafi biyu ban gane komai ba, na dinga ba ta magani ina tura ta. Sai ranar da wata mai shago ta aiko a kai mata kwafi ashirin. Na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gadona, na tarar da littattafan duka an bi su ɗaya bayan ɗaya da almakashi an yanke fuskar da ke bango. An jera su yadda suke, an rufe kwalin. Gwaggo, ban tsaya tambaya ba. Na sami Tsuntsuwa a kicin tana wanke-wanke na sauke mata kwandon faɗa, na ce ba ta san wahalar da na sha ba, na ce baƙin ciki take yi da abin da uwarta ta samu. Abin da na hana iyaye yi a babi na biyu, shi na yi daga farko har ƙarshe.

Autarmu ce ta gaya mini daga baya. Wata yarinya a ajin su Tsuntsuwa ta ci karo da littafin a ɗakin karatu, ta gane fuskar, ta karanta babin a gaban aji lokacin da babu malami. Tun daga ranar ba mai kiran 'yata da sunanta. Babi Na Huɗu suke ce mata. In ta tashi daga kujera sai wata ta shafa wurin ta shinshina hannu. Ranar da ta ci jarrabawar lissafi, ta dawo ta tarar an zana mata tauraro a kan teburi. Wata biyu tana shan wannan ita kaɗai, tana dawowa gida tana tarar da ni ina amsa wayar iyaye.

Na je ɗakinsu na ba ta haƙuri, amma na san ban iya ba. Na ce ta yafe mini, sai kuma na ɗora da cewa ta tuna yara nawa babin ya ceta daga duka. Ta bar ni na gama. Sannan ta faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Ta ce ba dariyar 'yan aji ce ta fi yi mata ciwo ba. Ta ce duk shekarun nan tana ɗauka haƙurin da na yi da ita a safiyoyin can don ina sonta ne, yanzu kuma ba ta sani ba, ko don ita na yi, ko don littafi.

Na rantse mata don ita ne. Amma ke zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Akwai wata safiya, bayan ta jera taurari goma sha ɗaya, na shafa katifa na ji ta a jiƙe. Tana tsaye tana kuka marar sauti. Na rungume ta, amma a daidai lokacin wani abu a raina ya ce wannan zai yi kyau a babin, iyaye su san ana komawa baya. Ina sakinta na je na rubuta kafin in manta. Wace irin uwa ce ke yin haka?

Ga inda nake yanzu. Mai maɗaba'a yana jiran in ce ya sake bugawa, domin wata ƙungiyar masu renon yara ta nemi kwafi masu yawa, kuma saboda babin nan suke so. Ga littafi na uku na ci rabinsa, a kan 'yan mata masu tasowa, kuma ba sai na faɗa miki wace ce misalina a ciki ba. Ita ba ta san da shi ba. Babanta ya ce a sauya mata makaranta. Ni kuma wani lokaci in ji kamar in tara littattafan in cinna musu wuta in huta, wani lokaci in tuna matar nan da ta ajiye bulala. Rubutun nan shi ne abu ɗaya da na gina da kaina, ba na ofis ba, ba na gidan miji ba. Amma ina son 'yata ta sake kallona. Me zan yi?

Uwar da alƙalami ya yi wa yawa

*

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan fara da abin da ba ki tambaye ni ba. A cikin wasiƙar da kika aiko kin sa sunan yarinyar na gaskiya, da ajinta, da sunan makarantar, da sunan littafin. Jarida kika aiko wa, ba aljihuna ba. Na cire su duka, na sauya laƙabinta da lambar babin da wasu abubuwa, yadda ko maƙwabciyarki ba za ta gane ku ba. Ban faɗi haka don in ƙara miki ciwo ba. Na faɗa ne don ki ga cewa abin bai tsaya a kuskuren shekara biyar da suka wuce ba, hannunki ya saba. Ke da kike aikin ɗakin kati kin fi ni sanin hukuncin wanda ya buɗe fayil ɗin marar lafiya ya karanta wa 'yan layi. Sirrin baƙi kin riƙe shi shekara goma sha shida. 'Yarki ma tana da fayil, kuma ba naki ba ne don kawai ke kika haife ta.

Duk da haka ba zan taya ki yanke wa kanki hukuncin da ya wuce laifin ba. Kin tambaya wace irin uwa ce ke rungume da 'yarta tana tunanin babi. Irin uwar da ke rubutu ce, kuma duk mai wannan sana'a ya san muryar nan, ni ma da ita nake fama. Ba a kama mutum da abin da ya gifta masa a rai, ana kama shi da abin da ya kai maɗaba'a. Ki duba lissafin da kyau: shekara uku kina wanke zanen gado kafin gari ya waye, kina ɓoye katifa daga idon maƙwabta. Babi ɗaya ba ya buƙatar wanki dubu. Wata ɗaya ya ishi mai neman abin rubutawa, sauran duk so ne. Kin so ta da gaske, kuma kin tona mata asiri da gaske. Dukansu biyun sun faru, kada ki yi amfani da ɗaya ki goge ɗayan.

Yanzu ga aiki. Gobe da safe ki kira mai maɗaba'a ki ce ya dakata. Ƙungiyar da ke jira ta jira, in ba za ta iya ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Daga nan ki nemi izinin awa biyu a wurin aiki ki je makarantar da kanki, ba ranar taro ba, ba kuma da hayaniya ba. Ki karɓo kwafi biyar ɗin da kika kai. Ki samu malama ɗaya mai hankali wadda yarinyar ke girmamawa, ki gaya mata abin da ake yi a ajin, ki bar ta ta kashe wutar da dabara. Kada ki yarda a tara ɗalibai a yi musu wa'azi a kai, wannan sake karanta babin ne da lasifika. Maganar sauya makaranta kuwa ba taki ba ce ke da babanta kaɗai. Ku tambaye ta. Wata yarinyar za ta so tafiya, wata kuma za ta ga an kore ta ne a kan laifin da ba nata ba, ta rasa ƙawayen da suka tsaya mata.

Sai haƙurin da kika bayar, wanda ke ma kin san bai karɓu ba. Duk ban haƙurin da aka saka wa amma a tsakiya ya zama kare kai. Yaran da babin ya ceta ba bashi ba ne a wuyan 'yarki, ba ita ta ɗauki alkawarin ceton su ba. Ki koma ki faɗi laifin da sunansa: kin ce mata sirrinku ne ku biyu, kika buga shi, kika sa fuskarta, kika kai makarantarsu, sannan kika yi mata faɗa a kan almakashi. Ki tsaya a nan. Kada ki nemi ta ce ta yafe a ranar, kada ki yi kukan da zai sa ita ta koma lallashinki. Ki kuma gaya mata zancen littafi na uku da bakinki kafin ta gano da kanta, ki miƙa mata duk shafukan da suka shafe ta, na takarda da na waya. In ta ga dama ta yaga, in ta ga dama ta ajiye. Nata ne.

Ban ce ki daina rubutu ba, kuma ban yarda ki cinna wa komai wuta ba. Matar da ta ajiye bulala gaskiya ce, kuma akwai irinta da yawa da ba su karanta ba tukuna. Amma abin da ya taimake ta shi ne dabarar: kada a doki yaro, a rufa masa asiri, a yaba masa ranar da ya tashi a bushe, a kai shi asibiti in abin ya daɗe. Ba ta buƙatar sanin 'yar wa ce, ko shekarunta, ko rubutun hannunta. Ki sake rubuta babin babu 'yarki a ciki, ki zana sabon jadawali da hannunki, bango kuma a yi masa zane. In kin gama ki ba ta ta karanta, in ta ce a cire shi gaba ɗaya, ki cire ba tare da ɓata fuska ba. Za ki yi asarar babi mafi kyau a littafinki, na sani, kuma zai yi miki ciwo. Wataƙila nan da wasu shekaru ita da kanta ta ce a mayar.

Ki kuma samo abin da buga littafi da kai ya hana ki, wato mai ce miki cire wannan. Ba sai kin je nesa ba. Mutumin da ya juya littafin nan gaba da baya ya ga abin da ba ki gani ba yana cikin gidanki, kuma bai taɓa yi miki gori ba. Daga yau kada shafi ya fita sai ya bi ta hannunsa, kuma kada labarin wani yaro ya shiga, naki ko na 'yan layi, sai mai labarin ya isa a tambaye shi kuma ya yarda.

Tambayar da ta yi miki, ko don ita ko don littafi, rantsuwa ba ta amsa ta. Za ta samu amsar ne a hankali, in ta ga abubuwa suna faruwa tsakaninku kuma ba sa fitowa a ko'ina. Wannan sulhun ma da nake fata za ku yi, na san zai yi daɗin rubutawa, har na hango kina neman masa lambar babi. Ki bar shi. Yarinyar da ta bi littattafai da almakashi ɗaya bayan ɗaya, ta kuma jera miki su yadda ta same su ba ta zubar ba, ba ta fid da rai da ke ba, fuskarta kawai ta karɓe. Wata rana za ta sake yin kuka a gabanki, kuma ranar ki tabbata jakar nan da ɗan littafin cikinta suna wani ɗakin.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya mata zuciya, ya sa albarka a alƙalaminki da 'ya'yanki duka uku.

Gwaggo